MARABAR KUƊI, MARABA CE?

Ni dai ban taɓa ganin teku da idona ba, ruwa mafi girma da na sani shi ne na madatsar Tiga, giya kuwa ko warinta ba na so. Amma duk da haka akwai wani gidan giya a bakin teku wanda na san lungunansa kamar yunwar cikina, na shige shi ya fi a ƙirga, ban kuwa taɓa ɗaga ƙafa daga kan gadona ba. Duk wanda ya saba karanta littattafan almara na Turawa, watau irin waɗanda ake ƙaga birni da sarki da teku da ba su a ko'ina sai a takarda, ya san gidan da nake nufi. Marubuta dabam dabam suna sake masa suna, amma gidan ɗaya ne.

Ga yadda yake. Kana gangarowa wajen tashar jiragen ruwa da almuru sai ka hangi wani allo yana lilo a bisa ƙofa, da hoton kifi ko na ƙugiyar jirgi a jikinsa. Ka tura ƙofa, hayaƙin taba da ƙamshin soyayyen kifi da warin jiƙaƙƙen itace su tarye ka. Ga mai goge can kusa da murhu yana ja, ana buga tebur ana amsa masa. Ga 'yan caca, kowa wuƙarsa a kusa. Ga wani tsoho mai ido ɗaya yana rantse-rantse wai ya ga kifin da ya haɗiye jirgi sukutum, in ka saya masa kofi guda sai ya sayar maka da taswirar tsibirin zinariya. A can lungu akwai wani mai baƙar alkyabba, ba a san ko boka ba ne ko ɗan sarki mai gudun hijira. Harsuna goma ake yi a ɗakin, wasu masu maganar ma ba 'yan Adam ba ne. Sa'an nan ga mai gida, ƙato, mai fara'a, yana goge kofi, da ganinka sai ya ce ka shigo, akwai wuri. Ba ya tambayar ɗan wane ne kai.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa wata gardama ce. Abokin zamana a ɗakin kwana, mutum mai tsantseni wanda nake ganin girmansa ƙwarai, ya same ni wata rana ina karatu ina murmushi ni kaɗai. Da ya ji abin da ke ba ni daɗi sai ya ce, “Malam, kai da ba ka sha, me ya kai ka zama a teburin mashaya? Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.” Na yi dariya na ce ai labari ne kawai. Ya ce, “Na shiga ban ɗauka ba, ba ta fid da ɓarawo.” Daren nan ban yi barci da wuri ba, don na ga amsar da na ba shi ba ta ƙosar da ni kaina ba.

Maganarsa ba sabuwa ba ce, kuma ba ta banza ba ce. Aflaton, masanin nan na Yunanawa, tun wajen shekaru dubu biyu da ɗari huɗu da suka wuce ya ce a birnin da ya tsara na adalci ba za a bar mawaƙa masu kwaikwayon kowane irin hali su zauna ba, don a ganinsa abin da mutum ya saba jin daɗinsa a wasa, shi zai zama halinsa a gaske. A wajenmu kuma hukuncin giya a fili yake a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, malamai kuma sun karantar da mu cewa hanin bai tsaya ga mai sha kaɗai ba, ya haɗa da mai sayarwa da mai ɗauka da mai zama a teburin da ake zagayawa da ita. To in zama a teburin laifi ne, ƙaƙa zaman zuci zai fita?

Amsar da aka saba bayarwa ita ce, mai ba da labarin abu dabam yake da mai aikata shi. Malamai da kansu suna cewa mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne. In da nuna mugun hali a labari laifi ne, da ba mu karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ba, wanda tun 1934 yara ke dariyar ƙaryar Alhaji Imam da makircinsa shi da Malam Zurƙe. Da kuma malaman Larabci ba su adana waƙoƙin Abu Nuwas na giya ba. Wannan amsa daidai ce, amma rabin hanya ta kai ni. Domin marubucin almara ba hakaito mashayar kawai yake yi ba, ƙawata ta yake yi. Yana zaɓen haske da sauti da ƙamshi don ka ji da ma kana ciki. Abokina bai zarge ni da sanin akwai mashaya ba, ya zarge ni da murmushi. Saboda haka dole in tambayi kaina: murmushin na mene ne?

Da na bincika zuciyata sai na ga ba kofin nake kallo ba. In ka cire giyar ka zuba kunun tsamiya, ɗakin ba zai rage mini daɗi ba ko kaɗan. Amma in ka sa mai gidan ya tsaya a bakin ƙofa yana tambayar kowa garinsu da addininsa da sana'ar ubansa, to gidan ya mutu murus. Ashe abin da ke jan mu shi ne wurin da baƙo ke shiga ba a tambayi asalinsa ba. Mu kuwa da muka tashi inda kafin a ba ka wurin zama sai an san gidanku, kafin a ba ka mata sai an tono kakan kakanka ko maƙeri ne ko mahauci, wannan ƙofa tana da wani irin daɗi a gare mu da wataƙila Baturen da ya rubuta bai sani ba. Herman Melville ya nuna wannan sarai a Moby-Dick, wanda ya fito a 1851. Mai ba da labarin, Ishmael, ya isa garin New Bedford a Amurka da dare, cikin sanyi, aljihu ba nauyi, ya sauka a masaukin 'yan jirgi, aka ce babu gado sai dai ya kwana tare da wani maharbin kifi mutumin tsibiran tekun Fasifik, mai zane a fuska, mai ɗan gunki a aljihun riga. Ya kwanta da tsoro, ya tashi da amini. Babu gidan mutunci a garin da zai haɗa waɗannan biyu ƙarƙashin bargo ɗaya.

In da nan maganar ta tsaya, da na koma wa abokina da ƙirji a buɗe. Amma sai na shiga karanta tarihin ainihin gidajen da aka kwaikwayo, a nan kuwa murmushin ya ragu.

A zamanin jiragen da iska ke turawa, ma'aikacin jirgi yakan yi watanni bai taka ƙasa ba, masu farautar manyan kifayen da ake tatsar mai kuwa sukan yi shekara uku ko huɗu kafin su komo gida. Ba a biyansa albashi sai an gama tafiya, saboda haka ranar da ya sauka yana ɗauke da gumin shekara guda a aljihu ɗaya, a garin da bai san kowa ba. Shan ma, sau da yawa a jirgi aka koya masa. Rundunar ruwa ta Ingila tana ba kowane ma'aikaci barasar rake a kullum, a 1740 wani babban hafsa mai suna Edward Vernon ya ba da umarnin a riƙa sirka ta da ruwa, a lokacin kuwa rabon mutum ɗaya ya kai wajen rubu'in lita. Ba a daina wannan rabo ba sai ran 31 ga Yuli, 1970. To ka ga mutumin da ke gangarowa daga jirgi: ga kuɗi, ga ƙishi, ga kaɗaici.

Akwai masu jiransa. A manyan tashoshi irin su Libaful da San Faransisko, a ƙarni na 19, masu gidajen saukar 'yan jirgi suna da yara waɗanda ke hawa kwalekwale su taryi jirgi tun bai gama tsayawa ba, da kwalba a hannu da daɗin baki. Wani ma'aikacin a zuga shi ya gudu daga jirginsa, ya bar albashin da ya tara. A kai shi gida, a ba shi gado da abinci da abin sha, kome a rubuta. In kuɗinsa sun ƙare, ba a korarsa, ai yanzu ne ya yi daraja. Sai mai gida ya nemo masa aiki a wani jirgi mai shirin tashi, ya karɓi albashinsa na wata ɗaya ko biyu, wani lokaci har uku, tun bai fara aikin ba, da sunan biyan bashi, ya kuma karɓi lada a kan kowane kai daga wajen mai jirgi. In an rasa masu zuwa da son ransu, a zuba wa mutum magani a kofi, ya farka ya gan shi a tsakiyar teku. Abin ya yi yawa har sunan birnin Shanghai na ƙasar Sin ya zama kalmar aikatau a Turanci, mai ma'anar sace mutum a tura shi aikin jirgi. Ma'aikatan jiragen Ingila har wata al'ada gare su: watan farko na tafiya suna ce masa aikin mataccen doki, don kuɗinsa an riga an cinye a tudu, ran da watan ya cika sai su ɗinka mutum-mutumin doki da tsumma, su ja shi a kan jirgi da waƙa, su jefa shi a ruwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A Amurka sai da aka yi ta kafa dokoki bi da bi, har zuwa dokar ma'aikatan jirgi ta 1915, kafin wannan sana'a ta durƙushe.

Watau mai gidan nan mai fara'a, wanda ba ya tambayar ɗan wane ne kai, akwai dalilin da ya sa ba ya tambaya. Mahauci ma ba ya tambayar sunan rago. Ƙarƙashin teburin da yake goge kofi akwai littafin bashi, kuma shi ne ainihin ginshiƙin gidan. A ganina in akwai inda mashayar almara ke yi mana ƙarya, to a nan ne. Abokina ya ga laifin labarin a wajen kofin da aka nuna, ni kuwa na fi ganinsa a wajen littafin da aka ɓoye.

Sai dai in yi wa manyan marubutan adalci, su ba su ɓoye ba. Melville ɗin nan da ya ba mu abota ƙarƙashin bargo, a babi ɗaya ya nuna mana kofunan mai sayar da giyar gidan: a waje daidai suke, a ciki kuwa sun tsuke zuwa gindi don mudun ya ragu. Robert Louis Stevenson ya fi shi zafi a Treasure Island, wanda ya fito a littafi a 1883. Yaron labarin, Jim Hawkins, an gargaɗe shi tun farko ya yi hattara da ɗan jirgi mai ƙafa ɗaya. Ya je birnin Bristol, ya shiga wata mashaya tsaf-tsaf, ya ga mai gidan, Long John Silver, da ƙafa ɗaya, amma saboda tsabtarsa da raha da yadda yake zagaya baƙinsa yana dafa kafaɗunsu, nan take yaron ya ce a ransa ai wannan ba zai zama ɗan fashi ba. Alhali kuwa Silver ne ya cusa 'yan fashin teku a cikin ma'aikatan jirgin da za su tafi da shi, da niyyar kashe masu jirgin in an samu dukiya. Mu masu karatu ma ya ruɗe mu tare da yaron, kuma Stevenson da gangan ya yi, don mu ji a jikinmu yadda shimfiɗar fuska ke iya zama tarko.

A cikin almara tsantsa, misalin da ya fi tsaya mini a rai na Fritz Leiber ne, Ba'amurken da ya ƙaga birnin Lankhmar, birnin tashar jirgi mai hayaƙi da ƙungiyar ɓarayi, ya fara buga labaransa a 1939. Taurarinsa biyu, wani dogo daga ƙasar ƙanƙara da wani gajere mai wayo, matattararsu wata mashaya ce da ake ce wa Silver Eel, sunan wani dogon kifi mai kama da maciji. A yawancin labaran shan nasu abin dariya ne. Amma a labarin da ya rubuta a 1970 kan daren da suka fara haɗuwa, sun sha sun yi tatil, suka cika baki a gaban 'yan matansu, suka tafi leƙen asirin gidan ɓarayi a buge, suka dawo suka tarar an kashe matan biyu da sihiri. Duk sauran shaye-shayen da za su yi a Silver Eel, mai karatu ya san abin da suke ƙoƙarin mantawa. Ko Terry Pratchett, da yake mai barkwanci ne, a littafinsa na 1983 ya sa mai wata mashaya a birnin Ankh-Morpork ya ji labarin inshora karon farko daga bakin wani baƙo, bai ɓata lokaci ba ya cinna wa gidansa wuta don ya karɓi diyya.

Waɗanda na fi kuka da su su ne 'yan kwaikwayo. Tun da wasan Dungeons & Dragons ya fito a 1974, ya zama kamar doka cewa jarumai a mashaya suke haɗuwa, daga nan abin ya bazu cikin ƙananan littattafai da wasannin kwamfuta ba iyaka. A irin waɗannan ana sha ba a buguwa, ana faɗa ba a mutuwa, ana ci ba a biya, yarinyar da ke kai kofuna kuwa ba ta da uwa ba ta da gajiya, an ajiye ta ne kawai don ta yi murmushi. Wannan ba ya sa mutum shan giya, ni dai bai sa ni ba. Abin da yake koyarwa ya fi haka ɓoyuwa: yana saba maka da jin cewa akwai wurin jin daɗi da ba wanda ke ɗaukar nauyinsa.

To yanzu ga tambayar da ta fi wuya, wadda na sa a kan wannan rubutu. In maraba ta kuɗi ce, shin ta tashi daga maraba ke nan? Da farko na so in ce i, in huta. Bahaushe ya ce baƙonka annabinka, Musulunci ya ba baƙo haƙƙin liyafa na kwana uku, ba a kuwa karɓar kuɗin liyafa. A Dare Dubu da Ɗaya, Sindbad na teku, bayan tafiye-tafiyensa bakwai daga Basra, yana zaune a gidansa a Bagadaza ya kira wani ɗan dako mai suna irin nasa, ya ciyar da shi, ya ba shi labari, kowace rana kuma ya sallame shi da zinariya ɗari. A nan mai gida ne ke biyan baƙo. Amma mu lura, gidan attajiri ne, sai an kira ka kake shiga, kuma mutum ɗaya aka kira. Jirgi guda kuwa yakan sauke mutum talatin a dare ɗaya, gobe wani ya sauke hamsin. Babu karimcin da zai ɗauki wannan in ba an mai da shi sana'a ba.

Abin da ya gyara mini tunani shi ne labarin Musulmin 'yan jirgi. Daga ƙarshen ƙarni na 19 mutanen Yaman da Somaliya da yawa sun yi aikin zuba gawayi a injin jiragen Ingila, suka kafa unguwanni a garuruwan Cardiff da South Shields. Gidajen saukarsu na 'yan'uwansu ne. Babu giya, nama halal ne, akwai ɗakin salla, a shekarun 1930 har wani malami, Shaihu Abdullahi Ali al-Hakimi, ya kafa musu zawiyoyi. Amma littafin bashi yana nan daram. Mai gida shi ke riƙe mutum wata da watanni in ba aiki, shi ke nemo masa jirgi, shi ke cire kuɗinsa in ya dawo. Ashe cire kofi ba ya cire littafi. Mu ma mun san wannan a tudu. Fatoma, watau mai masaukin fatake, a zangunan Gwanja ko a unguwar Sabo ta Ibadan, yana saukar da baƙon da ya kawo shanu ko ya zo sayen goro, ya ba shi ɗaki da tuwo, ya tsaya masa a ciniki, ribarsa kuwa tana cikin la'ada. Ba wanda ya taɓa cewa fatoma ba mai karimci ba ne don yana samun abinci da baƙinsa.

Saboda haka kuɗi kaɗai ba su ne ke ɓata maraba ba. Abin dubawa shi ne daga ina ribar mai gida ke fitowa. Fatoma yana cin riba ne in baƙonsa ya sayar da kyau, ya koma gida lafiya, ya dawo baɗi da garke mafi girma, ya kuma gaya wa 'yan garinsu su sauka a gidan wane. Arzikinsa a ɗaure yake da tsayuwar baƙon. Mai gidan San Faransisko kuwa ba ya samun babbar riba sai baƙon ya faɗi, ya tsiyace, ya zama kayan sayarwa, kuma bai damu ko ya dawo ba, tun da teku ba ta daina kawo wasu. Dukansu biyu suna murmushi, dukansu biyu suna rubutu a littafi. Na farko yana amfana da kai kana mutum, na biyu sai ya rage maka mutuntaka kafin ya amfana. A nan ne kuma na ga gaskiyar abokina ta dawo ta wata ƙofa, don giya ita ce makamin da ya fi kowane sauƙi wajen mai da baƙo daga na farko zuwa na biyu. Mai hankalinsa a jiki yana iya duba littafi ya ce wannan lissafi ba daidai ba ne, ya ɗauki jakarsa ya fita. Wanda aka bugar ba ya iyawa. Har yanzu ina ganin littafin ya fi kofin haɗari, amma na yarda kofin ne ke hana a karanta littafin.

Akwai kuma wani mai laifi da ba a cika sa shi a labari ba, shi ne sauran gari. A kowane birnin almara, bayan unguwar tasha akwai tudu mai gidajen attajirai da wuraren ibada, ƙofofi a rufe, karnuka a sake. Su ne ke cin ribar kayan da jirgi ya kawo, su ne kuma ke toshe hanci in an ambaci unguwar tasha. Ɗan jirgin nan bai zaɓi mashaya a kan gidan liman ba, ita kaɗai ce ya ga fitilarta a kunne. A London sai da aka riƙa tsintar 'yan jirgi mutanen Indiya da Afirka suna bara a titi, wasu suna mutuwa da sanyi, kafin a buɗe musu gidan baƙi na musamman a unguwar Limehouse a 1857. Alƙur'ani kuwa, a Suratut Tauba aya ta 60, ya sa matafiyin da guzuri ya yanke wa cikin mutum takwas da ke da rabo a zakka, ko da mai arziki ne a garinsu. In haka ne, to wanda ya bar baƙo a titi sa'an nan ya zage shi don ya shiga inda aka buɗe masa, ban ga da wane baki zai yi zagin ba. Ba sai mun je Bristol ba. Kowa ya san unguwar da ke bayan tashar mota a garinsu, ya san sunan da ake kiranta da shi, ya kuma san ko ya taɓa tambayar inda yaran mota ke kwana.

Abin mamaki, ainihin mashayar bakin teku ta kusa ƙarewa a duniya. Tun da aka fara loda kaya cikin manyan akwatunan ƙarfe a 1956, jirgin da a da yakan yi mako ko fiye ana sauke shi, yanzu sau da yawa kwana ɗaya ko biyu ya ishe shi, tashoshin kuma an fitar da su bayan gari an kewaye da waya. Ma'aikata da yawa ba sa ko sauka. A 2020, lokacin annobar korona, hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa wajen ma'aikata 400,000 ne suka maƙale a jirage bayan wa'adin aikinsu ya ƙare, ƙasashe sun hana su taka ƙasa. Ba mai cutarsu a mashaya, ba kuma mai ce musu maraba. Ga alama gidan ya ƙaura zuwa almara ne daidai lokacin da ya rasa wurin zama a bakin ruwa, mu kuma muna ta shiga muna fita a takarda, masu ainihin ƙishin suna tsaye a kan ƙarfe suna hangen fitilun gari.

Na kai wa abokina duk wannan bayani, ya saurara har ƙarshe, ya ce bai canja ra'ayi ba, wanda ya ƙawata haram ya ƙawata ta ko da ya nuna littafin bashi goma. Amma ya karɓi Treasure Island ya ce zai duba. Bayan kwana huɗu ya dawo mini da shi ransa a ɓace. Ba giyar ce ta ɓata masa rai ba. A ƙarshen labarin, bayan duk kisan da Silver ya yi, marubucin ya bar shi ya sulale daga jirgi da dare da jakar kuɗi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ba kotu ba igiya. Ya ce, “Malam, wannan wane irin adalci ne?” Na buɗe baki zan ba shi amsa sai ya ɗaga hannu ya tsai da ni. Ya ce abin da ya fi damunsa shi ne, sa'ad da ya karanta wurin, shi ma ya ji daɗin tserewar.